Ƙarar Motar Yaya

A Kakuri muke zaune lokacin, gidan haya mai tsakar gida ɗaya, mu da iyalin wan mijina. Mijina yana gyaran injinan saƙa a masaƙa, wansa kuma, wanda duk muke kira Yaya, malamin asibiti ne. Tare suka sayi motocinsu a gwanjo, iri ɗaya, tsofaffi masu shan dizal. Ta Yaya shuɗiya, tamu fara. Ko kana cikin ɗaki ka san wadda aka tayar. Tamu da gurnani take kamawa ta zarce. Ta Yaya kuwa sai ta yi tari, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta ɗauka da wani ɗan fito siriri a ƙarƙashin ƙarar.

A cikin motar nan Yaya ya rasu, wajen Kakau, babbar mota ta haɗu da shi. Bayan mun kai shi ƙauye an binne, dangi suka sayar wa masu kwance motoci abin da ya rage, don babu mai son sake ganinta. Matarsa, faccalata, ta ci gaba da zama da mu ita da 'ya'yanta, tana suyar ƙosai a bakin layi.

Da damina ta zagayo motarmu ta fara ciwo. Farin hayaƙi, ba ta tashi sai an tura, in ta tashi kuma ba ƙarfi. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, masaƙa ta rage kwanakin aiki, sabon kayan gyara ba a ganinsa, in ma an gani ba ya taɓuwa. Mijina ya ce shi zai gyara da kansa. Ya ajiye ta gindin mangwaro, ya shimfiɗa buhu, ya kwance nozul masu fesa mai ya wanke da kananzir a cikin tsohon kwanon miyata. Ya canza filta, ya canza filogi, duk a banza. Daga ƙarshe ya ce famfon mai ne ya gaji. Ya haye kogi zuwa Panteka, kasuwar tsofaffin kayan gyara, ya dawo da wani na hannu a naɗe cikin takardar siminti, yana murna ya samu da sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗaura shi. Ni nake danna ɗan famfon hannu, shi yana sassauta noti yana fitar da iska, har man ya daina kumfa. Ya goge hannu, ya shiga, ya murɗa makulli.

Motar ta yi tari. Ta yi kamar za ta mutu. Sai ta ɗauka, da fiton nan siriri.

Kafin in juya, ga faccalata ta fito daga ɗaki da gudu, ba takalmi, hannunta duk ƙullu. Abin da har yau ban manta ba fuskarta ce: murmushi take yi. Ta kai tsakiyar gida kafin ta ga farar mota ce, ta tsaya, murmushin ya daɗe bai gama sauka ba.

"Baban 'yan biyu," ta ce wa mijina a hankali, "ina ka samo wannan abin?"

Ya ce Panteka. Ya kashe motar.

Ya koma wurin mai kayan ya tambaye shi daga wace mota famfon ya fito. Mutumin ya ce bai sani ba, motocin da suka yi haɗari a hanyar Kakau suna zuwa musu da yawa, a wuri ɗaya suke tara kayan. Mijina ya dawo yana ce mini saiti ne kawai, kowane famfo yana iya yin haka. Ya sake kwancewa, ya matsa nan, ya sassauta can, ya canza bel. Ƙarar tana nan. Ban ga alamar shi ma ya yarda da bayanin nasa ba. Halin sayen wani kuma babu, ga aiki, ga yara. Ko a coci ba mu faɗa wa kowa ba.

Haka muka zauna da ƙarar. Da farko faccalata takan kwashi kayan suyarta ta fice tun kafin ya tayar da motar. Daga baya ta daina fita. Sai ta zauna kan turmi, hannaye a gwiwa, tana saurare har ya bar layin, sannan ta miƙe. Ni ma nakan kama kaina ina shirin gaida Yaya. Amma ba ta taɓa shiga motar ba, ko ran da zazzaɓi ya kwantar da ita, a ƙafa ta je asibiti.

Bayan kaka 'yan'uwanta suka zo su mayar da ita ƙauyensu wajen Kagoro. Mijina ya ce zai kai su tasha, ta ce a'a. Da aka gama ɗaure kaya, ta ɗora ƙullinta a ka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka tayar da ita," ta ce. "Ka bar ta a kunne har mu sha kwana."

Ya tayar. Suka tafi, ba ta waiwayo ba. Sun daɗe da ɓacewa yana zaune a ciki, hannu a sitiyari, sai da na je na taɓa kafaɗarsa ya kashe.