Man da Ban Gani Ba

Akwai wata ƙarya da na yi ina ɗan shekara goma sha uku, wadda har yau da furfura ta cika mini gemu nake fatan da ban yi ta ba. Ranar wata Laraba ce, bayan an gama cirar gyaɗa, ina tsugune a kan injin babbar motar mahaifina a ƙofar gidanmu a Ajingi. Aka tambaye ni ko baƙin mai ya fito, na ce ya fito, alhali ban ga komai ba.

Motar tsohuwa ce mai bodin katako, kuma da ita muke ci. Idan kaka ta yi, Baba yakan kwaso buhunan gyaɗa da gero daga ƙauyuka ya bi ta Gaya ya kai Kano. A shekarar, injinta ya buga tun damina ba ta ɗauke ba, aka jawo ta gida aka ajiye a gindin tsamiya. Baba ya ɗauko wani bakanike daga Gaya, dattijo ɗan asalin Barno da ake kira Baba Bukar, wanda kowa ya san shi da kyan aiki da kuma rashin sauri. Ya sauka a shagon zaurenmu, ya ce sai ya wargaza injin gaba ɗaya ya sake haɗa shi.

Makonni ukun da ya yi a gidanmu suna cikin kwanakin da na fi jin daɗi a ƙuruciyata. Da asuba in je makarantar allo, in dawo in ɗebo wa Inna ruwa a rijiya, in zuba wa tumaki harawa, sannan in wuce firamare. Ana tashi kuwa ba na tsayawa langa ko ƙwallon tsumma, da gudu nake komawa gindin tsamiya. Baba Bukar yakan shimfiɗa tsohuwar tabarma ya jera kayan injin a kai, kowane ƙarfe da mazauninsa, kuma kaza ma ba ta isa ta taka ba. Ni ke wanke su da kananzir a cikin tasa, shi kuma ya goge da tsumma, ya shafa musu baƙin mai da yatsa kafin ya mayar. Inna takan aiko mana da fura a ƙwarya, mu sha hannuwanmu baƙi ƙirin. Yana aiki yana zolayata, wai hannun ɗan boko bai iya riƙe komai ba sai fensir. A makaranta kuwa na zama babba. Abokaina masu ƙera motar kara sukan kewaye ni a bayan aji, ni kuma in yi ta ba su labarin fistin da ringi kamar ni na ƙera su.

Wannan girman kan ne ya ja ni. Ranar da za a tayar da injin, na yi wa yaran ajinmu alkawarin cewa kafin la'asar motar za ta tashi, kuma zan sa a zaga da su har bakin kasuwa. Tun azahar suka taru a jikin katanga, su fi goma, har da Haladu, wani abokin hamayyata da ya rantse cewa motar nan ta mutu ke nan.

Baba Bukar yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa. Sabon haɗin inji ba a tayar da shi sai mai ya zaga ko'ina a jikinsa. Ya cika kwanon ƙasan injin da baƙin mai, ya cika filta, ya toshe hanyar gas don kada injin ya kama, ya zare nozul-nozul ɗin da ke fesa gas don injin ya yi sauƙin juyawa. Daga nan sai a riƙa murza shi da kik, wato makullin tayarwa, kaɗan-kaɗan, har famfo ya turo mai zuwa ƙarafan da ke can sama. Agogon mai na motar ya daɗe da mutuwa, saboda haka ido ne kaɗai shaida. Idon Baba Bukar kuma ya fara rauni, ga shi dole shi zai zauna a gaban sitiyari. Sai ya buɗe murfin saman injin ya ce in hau. "Ɗana, ka sa ido a kan ramukan nan," in ji shi. "Wanda na shafa da hannu ba shi nake nufi ba. Sai ka ga yana ɓulɓulowa da kansa."

Ya murza, ya dakata, ya tambaya, na ce bai zo ba. Ya sake, na ce bai zo ba. Haka muka yi ta yi, yana hutar da batir tsakani, har inuwar tsamiya ta fara miƙewa gabas. Yaran suka fara gajiya. Na ji Haladu yana cewa, "Kai direba, a ƙasa za mu tafi kasuwar ko a kan jaki?" Aka kwashe da dariya. Da Baba Bukar ya sake tambaya, na dubi ƙarafan suna ƙyalli da man da ya shafa musu, na san sarai ba shi ba ne, na ɗaga murya na ce, "Ya fito, Baba!" Ya ce alhamdu lillahi. Ni na ɗora murfin da hannuna, shi ya ɗaure, ya mayar da nozul, ya buɗe gas.

Injin ya kama a bugu na biyu. Yara suka yi ta tsalle, mata suka leƙo ta zaure, mahaifina yana murmushi. Ba a jima ba na ga fuskar Baba Bukar ta sauya. Ya karkatar da kunne, sai ya yi wuf ya kashe. A ɗan wannan lokacin ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe a bushe. Da ya kwance ƙasan injin washegari, sababbin metal ɗin da karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ke kwanciya a kansu duk sun goge, shi kansa karanshaf ɗin ya yi zane.

Mahaifina mutum ne mai zafi. A gaban maƙwabta ya ce da ya san tsufa ya cinye aikin dattijon da bai ɗauko shi ba. Ina tsaye ina ji, na sunkuyar da kai. Baba Bukar ya buɗe murfin sama, ya bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya juya wajen Baba ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zan gyara." Gyaɗar farko ta garin Kademi, wadda Baba ya saba ɗauka, wata motar ce ta kwashe ta a shekarar, kuma na sha jin ana faɗa a tashar Gaya cewa Bukar ya tsufa.

Bayan kwana goma ya sake haɗa injin. Na ɓoye a ɗakin Inna, amma ya aika aka kira ni. Bai yi mini faɗa ba, ya dai nuna mini saman injin ya ce, "Hau." Wannan karon ya fara ɗura mai ta hanyar famfon da hannu, domin iska ce ta tsaya a ciki tun farko. Ya murza sau tara ina cewa bai zo ba. A na goma na ga mai ya kumburo a rami na farko, ya gangaro, sannan na biyu, har ya kai na ƙarshe. Sai da na dangwala yatsa na sauko na nuna masa a kusa da idonsa. Motar nan ta yi mana shekaru da yawa bayan haka, a kanta na koyi tuƙi, da tuƙin kuma na ci da iyalina har ƙarfina ya ƙare.

Ban taɓa faɗa wa Baba gaskiya ba, ban kuma nemi gafarar Baba Bukar da baki ba. Kullum ina cewa sai na ƙara girma, har aka aiko cewa Baba Bukar ya rasu. Allah ya jiƙansu duka. Yanzu idan na zauna a bakin garejin 'ya'yan unguwarmu, nakan ga an haɗa inji da safe, kafin azahar mai mota ya tsaya a kansu yana duba waya, su kuma su murza makulli kawai. Ba na ganin laifinsu sosai, na san yadda idon jama'a yake sa yaro gaggawa. Ni dai na gode wa Allah, na yi rayuwa mai rufin asiri. Roƙona ga wanda ya karanta wannan shi ne, idan babba ya amince da idonka, ka faɗa masa abin da ka gani kawai, idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka je ka same shi tun yana da rai.