Bunsuruna da Mutumin Italiya

Ni dai ban taɓa ganin mutumin nan ido da ido ba, amma shekara huɗu ina kwana ina tashi da shi a raina, kuma duk saboda bunsuru ne.

Bunsurun nawa ne, ja mai farin goshi. Uwarsa ta mutu yana da kwana uku, ni na raine shi da kunu a ludayi. Ya girma ba ya jin magana, ga wari, amma in na fita tsakar gida bina yake yi kamar jika.

Malam, mai gidana, tsufa ya zo masa da son ƙwallo. Maƙwabcinmu a nan Kaura, wani Kirista mutumin Kudu mai gyaran rediyo, shi ya buɗe gidan kallo, Malam ya zama ɗan gida. Cikin duk 'yan ƙwallon duniya ya rasa wanda zai so sai wani dogon mutumin Italiya, ɗan wasan gaba, wato wanda aka ajiye don ya jefa ƙwallo a raga. Shi kuwa bawan Allah ba ya jefawa. Wai ƙungiyar da ta mallake shi ba ta son ganinsa, sai ta riƙa ba da shi aro. Bana yana wannan gari, baɗi an tura shi wancan, ko tabarmarsa ba ta gama ɗumi ba.

Wata rana da la'asar Malam ya dawo yana yabonsa, wai saura kaɗan ya ci. Na ce saura kaɗan ɗin nan tun bara nake jinta. Maƙwabcin da matarsa suna tsaye a zaure, bakina ya ja ni na ce, "Malam, ranar da wanga mutum ya ci ƙwallo, na ba ka bunsuruna ka yanka."

Malam ya dubi shaidu ya ce sun dai ji. Suka ce sun ji.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ban yi wa kowa mugun fata ba, Allah ya sani. Abin da nake roƙo kawai shi ne a ba mutumin lafiya da zuri'a, a kuma bar shi a benci. Duk Lahadi matar maƙwabcin takan leƙo ta katanga bayan sun dawo coci ta ba ni labari: yau ya buga ta bi sama, yau ya doki ƙarfe, yau ba a ma sa shi ba. Nakan ba ta ƙuli.

Ita ce ta bayyana mini yadda aron yake, cewa in an ba da mutum, ko masu shi ba su isa su karɓe shi ba sai wa'adi ya cika. Na ce ashe Turawa ma sun san aron bunsuru. Washegari na sa aka ɗaura bunsuruna a bayan babur, aka kai wa ƙanwata a Shinkafi, ya yi wa awakinta barbara. Da aka tura mutumin wani gari, ni ma na tura nawa Galadi. A Galadi ya cinye wa mutane shanyar gero suka koro shi, kamar yadda aka koro wancan daga wata ƙungiya ta bakin teku. Daga nan na miƙa shi Gurbin Bore, wurin wata ƙawata Bafulatana.

Yana can abin ya faru. Lokacin mutumin ya gangara ƙananan ƙungiyoyin da ba a nuna su a talabijin, sai a wayar maƙwabci ake jin labarinsa. Wai wani ne ya buga, ƙwallon ta daki ƙeyarsa yana kallon wani wuri, ta faɗa raga. Malam ya shigo gida da takalmi ɗaya yana neman wuƙa.

Da safe ya hau babur har Gurbin Bore a ƙasar Zurmi, hanyar da mutane ke tsoro. Ƙawata ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Malam, aro ne. Sai awakina sun haihu mun ga abin da ya bari." Malam ya san al'ada, ya shanye furarsa ya dawo.

Kafin wata biyar su cika, mutumin ya ajiye ƙwallo, gwiwa ta hana shi. Aka dawo mini da bunsuruna a rame, haƙora sun zube, gemu ya yi fari. Malam ya fito da wuƙa, ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa haƙarƙarinsa. Na ce alkawari na nan, ban janye ba.

Sannan ya ce wanda ya yi yawo irin wannan, gari bakwai ba inda aka riƙe shi, ba yanka ya kamace shi ba, hutu ya kamace shi. Na lura ba bunsurun yake kallo ba sa'ad da yake faɗa, hankalinsa na can wurin ɗan ƙwallonsa.

Ya mayar da wuƙar cikin kube. Bunsurun ya matso ya kama bakin rigarsa yana tauna da dasashi, Malam ya bar shi.