Darasin Lissafi a Gonar Wake

Cikin ranakun aikina, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da marigayi Mushe Laminu ya kai ni roron wake. Mushe, wato Malam, haka muke kiran malamai da Faransanci. Lokacin ina sirbeyan a wata lise, wato babbar sakandare, a yankin Dungas. Ga waɗanda ba su sani ba, sirbeyan shi ke rubuta wanda ya zo aji da wanda bai zo ba. Ɗalibin da fashinsa ya wuce ƙa'ida, takardunsa na zuwa gaban kwamitin ladabtarwa, kuma yawanci kora ce.

Ƙarshen watan Oktoba ne. Habu, ɗan ajin ƙarshe mai shirin Bak, jarrabawar kammala lise, ya yi kwana goma sha biyu bai leƙo ba. Probizor, wato shugaban makaranta, ya ce in haɗa takardunsa kafin Litinin. Ran Asabar da safe Mushe Laminu, malamin lissafi, ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofar gidana.

Ya ce, "Sirbeyan, hau. Za mu duba wani aji."

Ajin yana wani ƙauye bayan Mallawa. Muka tarar da mahaifin Habu kwance da karaya a ƙafa, Habu kuma shi kaɗai a gona. Wake ya bushe yana zuba, ga shi an kusa sakin dabbobi.

Mushe bai yi faɗa ba. Ya cire takalmi, ya ɗauki buhu, ya miƙa mini guda. Yana roro yana jefa wa Habu tambayoyi, in lissafi ya rikice su tsuguna su zana a ƙasa. Ran Lahadi muka koma, da malamai uku da ya yaudara kamar yadda ya yaudare ni.

Ran Litinin kwamiti ya zauna. Mushe ya ce, "Mushe Probizor, yaron nan bai bar karatu ba. Na yi masa darasi awa goma sha ɗaya, sirbeyan shaida ne."

Probizor ya dube ni. Na ce haka ne, har Habu ya kasa amsa tambaya biyu.

Sai Probizor ya ce, "A rubuta wa Habu gargaɗi. A rubuta wa Mushe Laminu ma, saboda buɗe aji babu izini."

Na rubuta na Habu. Na biyun har na yi ritaya ban samu lokaci ba.

Habu ya ci Bak a zagaye na biyu, yanzu yana koyarwa wajen Yekuwa. Ranar jana'izar Mushe na zauna cikin mutanen da ban sani ba, kowa na ba da labarin ranar da moton ya tsaya a ƙofar gidansu. Da ina zaton tamu ce kaɗai.

Ku da kuke sababbi a aikin nan, rajista za ta gaya muku wanda bai zo ba, amma ba za ta gaya muku dalili ba. Tun daga wannan Asabar ban sake sa hannu a takardar kora ba sai na je gidan yaron na gani da idona.