Hawayen da Aka Ƙaga wa Mahaifina

A lokacin ina sabon malamin firamare a Roni, ɗan fari a gidanmu, ga rawar kai da son a ce na san marubuta. Wani abokina da muka yi makaranta tare a Kazaure ya zo ya ce yana rubuta labaran gaskiya, irin waɗanda ake tsarawa da daɗin ƙagaggen labari amma ba a saka ƙarya. Ya roƙi in ba shi labarin shekarar da ciwo ya cinye shanun mahaifina har muka koma noman gero. Na zauna na zazzage masa komai, har da yadda Baffa, wato mahaifin nawa, ya kai saniyarsa ta ƙarshe kasuwar Gwiwa, ya dawo da igiya a hannu, ya yi alwala, bai ce wa kowa uffan ba.

Da rubutun ya fito, wani ya karanta shi da murya, ya yi ta yawo a wayoyi. Ni ma na saurara. An sauya sunaye, amma an bar garinmu da aikina, kowa ya gane mu. Wai Baffa ya durƙusa a tsakiyar kasuwa yana rusa kuka, ya rungume ni yana kiran sunana. Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa furta sunana ba saboda alkunya! Na kira abokin nan. Ya yi dariya, ya ce shirun tsoho ba ya taɓa zuciyar mai karatu, ɗan gishiri kawai ya ƙara, kuma ana ta yaba masa. Tir da irin wannan yabo.

A wajen wani taron suna Baffa ya ji, a gaban tsararrakinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni kawai ko da idona na ga ya yi kuka. Na rantse ba ni na faɗa ba, ya gyaɗa kai ya tashi.

Na koyi cewa labarin gaskiya amana ne, don mutanen cikinsa suna raye, suna da kunnuwa. Duk wanda zai ba marubuci labarin gidansu, ya nemi a karanta masa kafin a fitar. Ni dai har yau in na zauna kusa da Baffa, hirarmu ba ta wuce ruwan sama.