Akpene da ƙwaryar tsuntsaye

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na bakin teku, kusa da Keta a ƙasar Gana, ya san Daavi Akpene, ko da kuwa muryarta kawai ya sani. Gajeruwa ce, ga bakin tsiya, kuma ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba. Ni maƙwabciyarta ce tun muna amare, na sha faɗanta har na saba.

Aikinta kallon tsuntsaye. Da damina ta ja baya, fararen tsuntsayen nan masu tsinin baki sukan sauko daga ƙasashen sanyi, su cika mana gaɓa. Akpene takan hau tudun yashi da sassafe ta zuba musu ido. Inda ta ga sun taru suna faɗawa ruwa, nan kifi yake, sai ta kaɗa jan zane, masu kwalekwale su zagaye wurin da raga, mu kuma mu kama igiya mu ja. Baƙi masu madubin hangen nesa kan zo su zauna gefenta, ita kuwa ta ce musu su rage surutu.

Al'adar ragarmu ita ce, in an jawo ta gaɓa, ƙwaryar farko ta ƙananan kifi ta tsuntsaye ce. A watsa musu a kan yashi kafin kowa ya taɓa rabonsa. Haka muka taras, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Da mai ragar ya rasu, ɗansa Agbeko ya gaje ta. Ɗan yayan Akpene ne, ita ta yi goyonsa. Ba mugu ba ne, sai dai kifi ya ragu, man inji ya yi tsada, ga masu kiwon kaji na sayen ƙananan kifin har ƙaiƙayinsa. Sai ya ce an daina watsa ƙwarya.

Ranar farko Akpene ta sauko daga tudu, ta ratsa mutane, ta cika ƙwarya ta watsa, kamar ba ta ji sanarwar ba. Washegari ma haka. Da abin ya ishi Agbeko, sai ya riƙe bakin ƙwaryar a gaban kowa.

"Goggo, don Allah kada ki sa in yi miki rashin kunya. Tsuntsu bai san an ba shi ko ba a ba shi ba."

"Ni na sani," in ji ta. "Su suke nuna maka abinci, kai da na share wa majina, yau ka ce ba su da rabo? Sakar min ƙwarya."

Bai sake ta ba. Ya ce in ba za ta bi dokarsa ba, ta bar aikin. Ta ce ta bari, ta juya.

Mun ɗauka za ta zauna a gida ta yi fushinta. Ina! Da safe sai ga ta a kan tudu kamar kullum, ta ninke jan zanen ta zauna a kansa. Masu kwalekwale sun saba, in sun fita sai su ɗago kai su dube ta. Daga cikin ruwa ba a hangen nesa, lalube kawai suke yi. Ita kuwa tana kallon tsuntsayenta, hannu a cinya.

Na ji haushinta ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Rabonmu ya ragu, nata kuwa babu shi gaba ɗaya, garin rogo take jiƙawa ta sha. Manya sun je mata, fasto ya je, ta ce sai an mayar da ƙwarya sannan za ta ɗaga zane. Agbeko shi ma jininsu ne, ya kafe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da muka ja raga tun safe har rana ta take, ta fito da ciyawar ruwa da kaguwa. 'Yarta Esinam tana kan igiya tare da mu, da goyo a baya, tafin hannunta duk ya sale. Ta hau tudun, ni ina biye da ita don kada a yi abin kunya.

"Inna, kin ga inda tsuntsayen suke faɗawa yau?"

"Na gani. Can gabas, bayan kwalekwalen kaɗan."

"Kika bar mu muna ja?"

Akpene ta kama hannun 'yar tata, ta juya shi, ta daɗe tana duban ciwon. Hawaye suka zubo mata, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da mijinta ya nutse.

"Kina tsammanin ba ya yi min zafi?" ta ce. "Je ki gaya wa ɗan'uwanki gobe ma zan gani."