Zumar da Hamida Ta Ajiye

A Limawa, in aka sayo zuma ana shakkarta, gidan Malam Tasi'u ake kai ta. Bawan Allah ba ya gaggawa. Sai ya ɗaga ta a rana ya dubi launinta, ya shinshina, ya lakata ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Can sai ya ce wannan furen ɗorawa ƙudan ya sha, waccan kuwa an yi mata wanka da sukari. Mai kaya ya yi ta kumbura in ya so, Malam bai taɓa yi wa zuma ƙarya ba. Tsohuwar zuma ya fi ƙauna, wadda ta yi duhu ta yi kauri, ɗanɗanonta na daɗewa a maƙogwaro.

Shi ma yana da tulun zuma guda a ƙarƙashin gado, an liƙe bakinsa da laka. Matarsa Hamida ce ta cika shi shekarar da ta haifi autarsu Mashkura, ta ce kada a buɗe sai bikin yarinyar. Allah bai nufa Hamida ta ga ranar ba, kuma tulun nan ne kaɗai abin da ta bar wa 'yarta da hannunta.

Ana jibi ɗaurin aure ya fito da shi tsakar gida, Mashkura na durƙushe gabansa. Yana fasa liƙin, hancinsa ya gaya masa komai. Ga kumfa a sama, ga wari mai yaji. Kash! Ashe zumar damina Hamida ta zuba, mai ruwa-ruwa, ta yi ta tsima shekara da shekaru har ta zama abin bugarwa. Duk da haka ya lakata ya taɓa harshe, ko Allah zai sa hancin ne ya tsufa. Ya tofar.

"Baba, yaya ta yi?" in ji Mashkura.

Wallahi zuciyarsa ta raya masa ya ce madalla. Ɗan kaɗan a fura, wa zai gane?

"Ta juya, 'yar nan. Ba ta halatta ba."

Da kansa ya tsiyaye ta a gindin darbejiya, Mashkura na kuka a hankali. Ya miƙa mata tulun.

"Adana shi. In Allah ya ba ki 'ya, ki cika mata da ta rani."

Yatsan da ya lakata da shi kuwa, ya daɗe yana kallonsa kafin ya wanke.