Lambar da na saka wa manhaja, da abin da ta jawo a Yargalma

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu biyu. Muna cikin 'yan sa-kai da ke rubuta wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ma'aikatan lafiya na ajiye sunayen yaran da ake yi wa gwajin gubar dalma a cikinta. Duk mako biyu muke sakin sabuwa, muna ta alfahari, shi ne muka ce bari mu je mu gani da ido.

A Anka muka karya da waina. Kuɗin mota kuwa ya kusa ninka na bara, direba ko a jikinsa. A asibitin garin muka tarar da wayoyi uku, kowace da irin tata manhajar.

A Gummi na gane dalili. Sabis ba ya ɗaukar saukewa, don haka wurin mai cajin waya ake zuwa ranar kasuwa, ya tura ta bulutut. Bawan Allahn nan ya goge lambobin da muke saka wa kowace sabuwar manhaja kaf, ya raɗa musu suna: "sabuwa", "sabuwa ta gaske", "tsohuwa mai kyau". Na tambaye shi ta ƙarshen, ya ce, "Malam, wagga ba ta taɓa ɓata ma kowa aiki ba." Abokin tafiyata ya kwafe ta don ya riƙa tsokanata.

Daga Bukkuyum muka hau babur zuwa Yargalma, hanyar duk kwazazzabo ce, ƙugu ya ji jiki. Ma'aikaciyar lafiyar garin ta miƙo mini wayarta ko gaisuwa ba mu gama ba. Tun da ta saka sabuwar, jerin yaran da za a sake gwadawa ya ƙi buɗewa. A bakin ƙofa wata uwa na zaune da goyo, zuwanta na biyu ke nan a ƙafa, ba a san sakamakon gwajin da aka yi wa ɗanta a baya ba.

Na duba lambar manhajar: 1.9. Ƙa'idarmu ita ce, in canji zai hana tsoffin bayanai buɗewa, lambar farko ake ɗagawa, a ce 2.0, a yi gargaɗi. Ni na canja tsarin ajiyar, na kuma saka 1.9 don ƙyuyar rubuta sanarwa. Kunya ta kama ni, wallahi.

"Tsohuwa mai kyau" muka mayar wa ma'aikaciyar. Sunaye suka fito. Ta leƙa waje ta ce, "Inna, taho da shi." Mu kuma ta ce, "In za ku canza, ku bari sai an gama kaka, hanya ta bushe."

Washegari da la'asar muka iso gida. Na rubuta wa sauran shawara: babban saki sau ɗaya a shekara, bayan kaka, tsakani sai ƙananan gyare-gyare. Har yanzu ana musu a kai. Lambar dai na gyara ta, minti ɗaya bai cika ba. Uwar nan mai goyo kuwa yini biyu ta yi a hanya saboda ita.